Ba sa'a ce ta ba Djokovic kofin Wimbledon na 2019 ba

Duk lokacin da aka tayar da zancen wasan ƙarshe na maza a gasar Wimbledon na ranar 14 ga Yulin 2019, maganar da ta fi fitowa daga bakin masoya tanis ita ce wai Roger Federer ne ya fi wasa, Novak Djokovic kuma ya tafi da kofi. Wasu su ce sa'a ce kawai. Wasu su ce gaban Federer ne ya faɗi a daidai lokacin da ake buƙatar dakiya. Ni ban yarda da ko ɗaya ba. A ganina Djokovic da dabara ya ci wasan nan, dabarar da ya shirya tun kafin ya shigo fili, ya kuma san wurin da zai fito da ita. Federer kuwa, duk da kyawun wasan da ya yi na kusan awa biyar, sau uku yana barin a janye shi daga irin wasan da yake cin riba da shi, kuma waɗannan sau ukun su ne suka yanke hukunci.

Masu cewa Federer ya fi wasa ba su rasa hujja ba, dole a ba su gaskiyarsu. Ya ci maki 218, Djokovic ya ci 204. Ya ci gem, wato rukunin maki da ɗan wasa ɗaya ke fara bugawa a cikinsa, har 36, Djokovic 32. Sabis, wato bugun da ake fara maki da shi, wanda ya buga abokin karawarsa bai ko taɓa ƙwallon ba sun kai 25, na Djokovic 10. Bugun da ya wuce kai tsaye ya zama maki, Federer yana da 94, Djokovic 54. Sau bakwai ya karya sabis ɗin Djokovic, wato ya ci gem ɗin da Djokovic ke sabis a cikinsa, shi kuwa sau uku kacal aka karya nasa. Wanda aka miƙa wa wannan takarda ba tare da sakamako ba, zai rantse Federer ɗan Suwizalan ne ya yi nasara. Amma abin da allo ya nuna shi ne 7-6, 1-6, 7-6, 4-6, 13-12, Djokovic ɗan Sabiya ne a sama, bayan awa 4 da minti 57, wasan ƙarshe mafi tsawo a tarihin gasar.

Matsalar ita ce tanis ba a tara maki a lissafa a ƙarshe. Maki ne ke haɗuwa su ba da gem, gem su haɗu su ba da zagaye, wanda ya riga cin zagaye uku cikin biyar shi ne zakara. Da zarar an gama zagaye, duk rarar da mutum ya samu a cikinsa ta tafi, ba ta bin sa zuwa na gaba. Zagayen da aka ci 6-1 da wanda aka ci da ƙyar 7-6 nauyinsu ɗaya. Duk ɗan wasan da ya kai wannan matsayi ya san haka, kuma sanin inda za ka zuba ƙarfinka da inda za ka sassauta yana cikin iya wasan, kamar yadda iya sabis yake ciki.

Idan aka ware makin da aka buga a raba-gardama, wato gajeren wasan da ake yi idan an yi kunnen doki a ƙarshen zagaye, hoton yana fitowa fili. An yi raba-gardama uku, Djokovic ya ci 7-5, 7-4 da 7-3. Maki 33 ke nan, 21 nasa, 12 na Federer. A sauran wasan duka Federer na da 206, Djokovic 183. Ashe wasa biyu aka buga a fili ɗaya. Federer ya mamaye babban, Djokovic ya mamaye ƙaramin, ƙaramin kuma shi ne ke riƙe da zagaye uku.

Yadda Federer ya mamaye babban wasan abin sha'awa ne, musamman ga mutumin da saura 'yan makonni ya cika shekara 38, wanda kwana biyu kafin nan ya fitar da Rafael Nadal a wasan kusa da na ƙarshe. Bai yarda ya ba Djokovic ƙwallo iri ɗaya sau biyu a jere ba. Yana yanko ƙwallon da bayan hannu, ta tafi ƙasa-ƙasa tana sulɓi a kan ciyawa, sai Djokovic ya durƙusa ya ɗago ta, ba ta zo masa daidai ƙugu ba inda yake jin daɗin bugu. Wani lokaci ya yanko ta gajera don ya jawo shi tsakiyar fili, inda ba shi da sakewa. Sabis ɗinsa kuma ba ya karantuwa, domin wuri ɗaya yake jefa ƙwallon sama ko ina zai aika ta. Djokovic, wanda mutane da yawa ke ɗauka babu kamarsa wajen mayar da sabis a tarihin wasan, bai samu damar karya sabis ko sau ɗaya ba sai a zagaye na huɗu. Federer ya je raga sau 65, ya ci 51. Duk wannan manufarsa ɗaya, a gama makin da wuri, cikin bugu uku ko huɗu, kafin ya koma musayar ƙwallo daga layin baya.

To me ya canza a raba-gardama? Djokovic ya daina neman layi. Ya ƙara wa ƙwallon tsayi a kan raga, ya tura ta can zurfi, kuma sau da yawa tsakiya. Wanda bai saba kallo ba zai ɗauka tsoro ne, alhali lissafi ne. Tsayin raga a tsakiya santimita 91 ne da ɗoriya, a gefe wajen sanda kuma mita 1.07, saboda haka ƙwallon da ta bi ta tsakiya ta fi tsira. Sannan faɗin filin 'yan ɗaiɗai mita 8.23 ne kawai. Idan aka aiko maka da ƙwallo daga kusurwa, an buɗe maka hanyar mayar da ita a karkace ta fita da abokin wasanka waje. Idan kuwa ta zo tsakiya, mai zurfi, ta faɗi kusa da ƙafarka, babu kusurwar da za ka samu sai wadda ka ƙirƙira da kanka, ƙirƙirarta kuma sai ka matsa kusa da layi fiye da kima. Zaɓi biyu ya rage wa Federer: ko ya haƙura a yi ta musaya da mutumin da ba ya gajiya da musaya, ko ya kai hari da ƙwallon da ba ta nuna ba. Ya zaɓi na biyu sau da yawa.

A cikin raba-gardamar nan uku, masu ƙididdiga sun rubuta wa Federer kuskure 11 irin wanda ake cewa ba matsin abokin wasa ne ya jawo shi ba. Djokovic ko ɗaya ba a rubuta masa ba. Wato fiye da rabin makinsa 21 daga hannun Federer suka fito. Nan ne masu cewa Federer ya bayar da wasan da kansa suke kafa hujja, nan kuma nake rabuwa da su. Mai ƙididdiga yana zaune a gefen fili, abin da yake dubawa shi ne ko ɗan wasa ya isa wurin ƙwallon a kan lokaci, ko ƙafafunsa sun daidaita. Ba ya iya auna abin da ke cikin kan mutumin da ya san cewa idan makin ya wuce bugu na biyar ko na shida riba ta fara komawa ɗaya ɓangaren, wanda ya san bugun da zai kashe kowa wannan zai dawo da shi. Wannan sanin ne ke sa a nufi layi maimakon taku ɗaya daga cikinsa. Matsi ne, sai dai ba ya fitowa a takarda.

A raba-gardamar farko Federer yana gaba 5-3, maki biyu suka rage masa, sai ya zubar da huɗu a jere. A zagaye na uku ya samu damar cin zagayen a kan sabis ɗin Djokovic yana gaba 5-4, ba ta yiwu ba, aka sake zuwa raba-gardama, Djokovic ya yi masa fintinkau tun daga farko. Abin da ya fi damuna a matsayina na mai son wasan Federer shi ne ƙarancin zuwansa raga a waɗannan lokuta. Makamin da ke ba shi kusan maki huɗu cikin biyar ya ajiye shi, ya tsaya a baya yana ƙoƙarin doke Djokovic a inda Djokovic ya fi kowa. Wani zai ce ai zurfin ƙwallon ne ya hana shi tahowa, kuma da gaskiya a ciki. Amma akwai hanyoyin da ba sai ka jira gajeriyar ƙwallo ba. Kana iya bin sabis ɗinka zuwa raga. Kana iya yanko sabis na biyu na abokin wasa ka biyo bayansa, kuma sabis na biyu na Djokovic ba shi da ƙarfi sosai ranar, har kuskuren sabis biyu a jere ya yi sau tara. Federer ya iya duk waɗannan fiye da kowa a zamaninsa.

Sai maganar da ba ta ƙarewa, 8-7 a zagaye na biyar, 40-15, wato Federer na da dama biyu ta cin wasan. Kafin a kai nan Djokovic ne ya fara karya sabis ya yi gaba 4-2, Federer ya rama, sannan ya sake karyawa a 7-7 ya zo yana sabis don ɗaukar kofi. Ya buga sabis biyu a jere Djokovic bai taɓa ba. Filin ya ɗauki ihu, wasu a cikin 'yan kallo sun ɗaga yatsa ɗaya, saura maki ɗaya. A dama ta farko, sabis na fari ya nufi layin tsakiya ya daki saman raga. A na biyu Djokovic ya mayar da ƙwallon da zurfi, Federer ya zagaye ta don ya buga da gaban hannu, ƙafafunsa ba su gama daidaita ba, ta fita gefe. A dama ta biyu sabis na fari ya shiga, ƙwallo ta dawo, Federer ya buga da gaban hannu ya biyo ta zuwa raga. Bugun bai yi zurfi ba, bai kuma kori Djokovic can kusurwa ba, sai shi kuwa ya ɗauke ta a karkace ta wuce Federer ta sauka cikin fili. Daga nan Djokovic ya ci maki biyu na gaba, aka koma 8-8.

An daɗe ana zagin wannan zuwa raga da Federer ya yi, ana cewa gaggawa ce. Ni a wurina shi ne abin da ya dace, kuma da ma irinsa ya riƙa yi a raba-gardama. Tunanin daidai ne, bugun da ya share hanya ne bai kai ba. Da ƙwallon ta ƙara zurfin taku ɗaya, ko ta ƙara matsawa gefe, da Djokovic a guje zai buga, ba a tsaye ba. Wanda ya fi ba ni takaici shi ne makin farko, inda ya guje wa bayan hannunsa, alhali da yankan bayan hannun nan ya wahalar da Djokovic tun farkon wasa. Dubi kuma abin da Djokovic ya yi a makin: bai nemi kashe sabis na biyu ba, ya mayar da ita da zurfi ne kawai ya bar wa Federer yanke shawara. Dabarar raba-gardama ce ya jawo ta nan.

Ba kuma ranar ce ta farko ba. A wasan kusa da na ƙarshe na gasar Amurka a 2010, Federer ya samu damar cin wasan har sau biyu, Djokovic ya tsallake su ya yi nasara. A 2011 a gasar dai, a matakin dai, Federer na sabis yana gaba 5-3 da 40-15 a zagaye na biyar, Djokovic ya rufe ido ya maka wa sabis ɗin bugun gaban hannu ya wuce, ya kuma juya wasan. Abin lura shi ne bambancin mutumin 2011 da na 2019. Na farko caca ya yi ta kama. Na biyu bai yi caca ba sam, ya dogara da cewa idan ya mayar da ƙwallo guda nawa ake buƙata, ɗayan zai nemi abin da ya fi ƙarfin halin da ake ciki.

Akwai ƙorafin da ba zan kauce masa ba. Da sabis ɗin nan na 40-15 ya ɗaga kaɗan ya tsallake raga, mai yiwuwa da yanzu ana cewa Federer yana da Wimbledon tara da kofuna 21 na manyan gasa huɗu na tanis, ni kuma da ban rubuta wannan ba. Haka ne. A wasan da ya kai 12-12 a zagaye na biyar, babu mai hankalin da zai ce sa'a ba ta da rabo a ciki. Amma sa'a maki ɗaya take bayarwa ko biyu. Ba ta ba mutum raba-gardama uku cikin uku ba tare da kuskure ko ɗaya ba. Kuma abin ya maimaitu: a gasar Faransa ta 2023 Djokovic ya buga raba-gardama shida, ya cinye duka, ba a rubuta masa kuskuren kansa ko ɗaya ba a cikinsu. Abin da ke dawowa haka shekara da shekaru, horo ne da tsari.

Maganar faɗuwar gaba ma ba ta zauna mini ba. Mutumin da zuciyarsa ta karye a 8-8 ba ya riƙe sabis ɗinsa sau huɗu bayan nan, ba ya kuma samun damar karya sabis har biyu a 11-11 kamar yadda Federer ya samu. Ya ci gaba da wasa da kyau har ƙarshe. Abin da ya same shi ya fi faɗuwar gaba wuyar magani, an gano inda wasansa ke da ɓaraka ne, aka kuma jira lokacin da ɓarakar ta fi tsada. Makin ƙarshe ma haka ya tafi, bugun gaban hannu ya daki gefen raket ƙwallon ta tashi sama.

Ina kuma tuna wa masoyan Federer wasan ƙarshe na 2009, a wannan filin dai. Andy Roddick ya ci gem 39, Federer 38. Roddick ya riƙe sabis ɗinsa tun daga farko, ba a karya shi ba sai a gem na ƙarshe, wanda ya rufe zagaye na biyar a 16-14. Ya ci zagayen farko, yana gaba 6-2 a raba-gardamar zagaye na biyu, dama huɗu a hannunsa, Federer ya ci maki shida a jere. Federer ya ɗauki raba-gardama biyu ya tafi da babban kofinsa na 15, ya wuce Pete Sampras wanda ya fi kowa yawansu kafin nan. Ranar ba mu ce Roddick ya fi wasa an zalunce shi ba, cewa muka yi Federer ya san lokacin da ake tashi tsaye. Ma'aunin da muka auna 2009 da shi, da shi ya kamata a auna 2019. Shi kansa Federer, a jawabin da ya yi wa ɗaliban jami'ar Dartmouth a 2024, ya faɗi cewa ya ci kusan kashi 80 cikin ɗari na wasanninsa amma kashi 54 kawai na makin da ya buga. Wanda ya faɗi wannan ya san ba yawan maki ke ba da kofi ba.

Wani abin da ba a cika ambata ba shi ne 'yan kallo. Kusan filin duka na Federer ne, kuskuren Djokovic ma tafi ake yi masa. Bayan wasan ya ce idan suna kiran sunan Roger, shi yakan sa wa ransa Novak suke kira, kuma tun kafin ranar ya riga ya buga wasan a cikin kansa. Ya yi wasan cikin natsuwa, ba ihu, ba dukan ƙirji. Ina ɗaukar wannan cikin dabarar, domin wanda ke neman ya mayar da ƙwallo ashirin ba kuskure ba ya da rarar ƙarfin da zai ɓata wajen faɗa da jama'a.

Dokar ma ta taka rawa. A 2019 ne Wimbledon ta fara yin raba-gardama a zagaye na biyar idan an kai 12-12, bayan wasan Kevin Anderson da John Isner na 2018 da ya ƙare 26-24 ya bar Anderson a galabaice kafin wasan ƙarshe. Da tsohuwar doka ce, sai wani ya karya sabis, kuma Federer ne ya fi sauƙin riƙe nasa ranar. Sabuwar dokar ta kai wasan inda Djokovic ya fi ƙarfi, wannan ba a musu. Sai dai dukansu sun san da ita kafin a fara. Daga 2022 kuma manyan gasa huɗun suka koma raba-gardamar maki goma a 6-6, wanda ke nufin a dokar yau ba za a ma kai 8-7 ɗin ba.

Shin akwai maganin wannan salo na Djokovic? Akwai, kuma an nuna shi a filin nan bayan shekara huɗu. A wasan ƙarshe na 2023 Carlos Alcaraz, yana ɗan shekara 20, ya sha kashi 6-1 a zagayen farko, sannan ya ci raba-gardamar zagaye na biyu 8-6, ya katse jerin 15 da Djokovic ya ci a jere a manyan gasa. Da ya zo sabis don ɗaukar kofi yana gaba 5-4 a zagaye na biyar, makin farko ya gwada ɗiga ƙwallo a bakin raga, ta faɗa cikin raga. Kowa ya zaci zai ja da baya ya koma musaya. A maki na gaba ya sake jawo Djokovic gaba, ya ɗaga ta sama ta wuce kansa ta sauka ciki. A na gaba ya taho raga da kansa ya miƙe ya tare ƙwallon da bayan hannu. Bai bari makin ya yi tsawon da Djokovic ke so ba, ya rufe gem ɗin, aka tashi 6-4.